Tarkon da ba shi da ƙyaure

Wata mata 'yar Kudu mai sayar da abinci kusa da shagona ce ta jefa ni cikin wannan sha'ani. Ta ce in zan samo mata kaguwa mai rai za ta saya, don ta gaji da jiran wadda ake kawo mata a mota. Mu nan Sakkwato ba mu cika cin ta ba, duk da malamanmu na Malikiyya ba su hana abin ruwa ba. Ni dai na hango kuɗi, na hau babur sai Kwalkwalawa, bakin gulbin Rima, wurin kawuna Basarke.

Ya yi dariya har ya ajiye homar da yake ɗinki. "Ɗan nan, kaguwa tak kawo ka tun daga gari? Mu da ke zubda ta in ta shiga gura!" Ya ce kada in taɓa masa gurarsa, wato tarkonsa na kamun kifi, don kaguwa na datse zaren raga da hannuwanta masu kama da awartaki. In je in sayo ragar waya irin ta kejin kaji.

Na haɗa akwati da ita, na huda gefe biyu, na sa wa kowace kafa baki kamar mazurari: faɗi daga waje, tsukakke daga ciki. Na ce, "Kawu, ina ƙyauren da zai rufe in ta shiga?" Ya ce babu, kuma ba a buƙata.

Sai da na sa guda a ciki, na tsugunna ina kallo, sannan na gane. Kaguwa a ƙasa take tafiya, a karkace, tana bin ƙanshi. In ta iso tarko sai ta yi ta zagaya shi tana laluben hanya, har ta dace da faffaɗan bakin, ta hau, ta faɗa ciki. Da ta ƙoshi kuma, jikin bango take bi, lungu zuwa lungu. Ƙofar na nan buɗe a tsakiya, sama da kanta, amma ba can take nema ba. Halinta ne ke tsare ta.

Daren farko ban san haka ba, na kwantar da bakin daidai da ƙasan tarkon. Da asuba na ja igiya, ba kaguwa, ba kan kifin da na sa. Sun ci sun fice abinsu. Kawu ya lanƙwasa bakin sama kamar yatsu huɗu, ya ƙulle kan kifin cikin ɗan gwangwani mai huji, ya ɗaure shi a tsakiya yadda ba za su iya miƙo hannu daga waje ba. Ya kuma matsar da tarkon sama da ramukansu da ke jikin gaɓa, saboda ruwa gangarawa yake da ƙanshi, su kuma su biyo shi. Dutse a ciki don kada ruwa ya ja, tsohuwar jarka a bakin igiya don shaida. Ana sawa da magariba, domin da dare suke kiwo.

Washegari na samu tara. Ta farkon da na kai wa hannu ta damƙe ni a babban yatsa, sai da na tsoma hannun a ruwa ta saki. Ta baya ake riƙe ta, inda awartakin ba ya kaiwa.

Kwaɗayi ya sa wani mako na bar tarkon kwana uku, wai su taru. Na tarar da huɗu da ɓawon wasu. In abinci ya ƙare junansu suke ci, mai laushin jiki da ta sake ɓawo ita ce farko, wasu kuma daɗewa na sa su dace da ƙofar.

Akwai wadda na juya na ga murfin cikinta faffaɗa, ƙarƙashinsa cike da 'ya'ya ƙanana suna motsi, kowanne da kamannin uwarsa. Kaguwar gulbi ba ta sakin ƙwai cikin ruwa, goyo take yi har su ƙyanƙyashe. Kawu ya karɓe ta ya mayar ruwa, ya ɗauki filaya ya buɗe wata 'yar kafa a ƙasan tarkon don ƙanana su riƙa fita.

Matar ta saye duka, ta kuma ja min kunne cewa in zan ɗanɗana in dafa ta sosai, saboda ɗanyar kaguwar gulbi na ɗauke da tsutsar da ke kama huhu, wadda ta addabi mutanen Gabas bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ta zubo min miyar a kwano. Na sha romo, naman na kai wa kawu, ya ce in mayar mata da abinta.