Godiya ga waɗanda suka tsaya mini har na koma kan sitiyari

Assalamu alaikum iyaye, ƴan uwa da abokan sana'a.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya ƙara mini aron rai. A makon nan na koma bakin aiki, na ɗauki fasinja daga Agadas na sauke su Tawa lafiya, karo na farko tun haɗarin da ya rutsa da ni bara. Da yawa cikinku kun yi ta kira ban samu ɗauka ba, wasu sun zo dubiya sun tarar ba na cikin hayyacina. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta a nan, kowa ya ji godiyata.

Ga waɗanda ba su ji yadda abin ya faru ba, tayar gaba ce ta fashe mana bayan mun wuce Abalak, motar ta sauka daga kwalta ta yi ta wuntsilawa. Na karye a cinya da haƙarƙari, yaron motata ya bugu a baya. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba.

Waɗanda suka fara isowa gare mu makiyaya ne da ke shayar da dabbobi a kusa. Ban san sunan ko ɗaya ba. Abin da nake tunawa shi ne wani dattijo ya warware rawaninsa, ya yaga shi biyu, ya ɗaure mini cinya da sandar kiwonsa, yana ta faɗa mini kalmar shahada a kunne. Sai direban babbar mota da ya tsaya, ya sa yaransa suka sauke buhunan albasa a bakin hanya don a samu wurin shimfiɗe mu. Kayan mutane ne ya bari a daji saboda mu. Allah ya saka muku da Aljanna. Haka jandarmomin da suka tattara kayan fasinja ba a rasa ko allura ba, da likitoci da ma'aikatan jinya, da ƴan tasharmu da suka yi layi suka ba da jini, suka kuma yi karo-karo tukunyar gidana ba ta daina hawa wuta ba. Inna, addu'arki ce ta riƙe ni. Uwargida, Allah ya biya ki kwanan zaunen da kika yi.

Amma akwai jinyar da ba kowa ya gani ba, kuma ita ce ta fi daɗewa. Ƙashi ya ɗore, na ajiye sanda, mutane suna ta barka da arziki, alhali ko kujerar gaba ba na iya zama. In na ji taya ta daki rami sai gumi ya karyo mini, hannuwana su kama rawa. Dare ya raba ina zaune. Duk wanda na soma yi wa bayani sai ya ce ai ka warke, ka gode wa Allah. Ina godewa, amma abin yana nan.

Kawuna ne ya gane. Tsohon bakanike ne, yana gareji a Agadas tun shekarun da ralin Paris-Dakar, wato tseren motoci daga Paris zuwa Dakar, ke ratsa ƙasarmu, motoci su fito ta Dirku da Tenere su yada zango a garinmu, sannan su nufi Tawa da Yamai. Wata rana da la'asar ya zo da wani tsohon hoto da gefensa ya cinye: ƙaramar Peugeot 205 ruwan ɗorawa, ta yi buɗu-buɗu da ƙura, lambarta ma 205. Ya ce in duba da kyau, mai wannan motar shekara ɗaya da rabi kafin a ɗauki hoton nan an fitar da rai da shi. Sunansa Ari Vatanen, mutumin Finland. Abin da Kawu ya sani ya ba ni da baki, sauran kuma ɗiyar yayata da ke jami'a ta binciko ta riƙa karanta mini.

An haife shi a 1952 a Tuupovaara, wani ƙauye a gabashin Finland. Yana ɗan shekara 8 mahaifinsa ya rasu a haɗarin mota, shi ma yana cikin motar. Duk da haka tuƙi ya zama sana'arsa. A 1981 ya zama zakaran rali na duniya da Ford Escort, kuma a ƙarƙashin ƙungiya mai zaman kanta ya yi nasarar, alhali manyan kamfanoni na zuba kuɗi a gasar. A 1983 ya ci ralin Safari na Kenya da Opel. Da ya koma Peugeot a 1984 sai ya jera nasara 5, har da ta Monte Carlo a 1985, inda aka ci shi tarar minti 8 amma ya rufe giɓin ya wuce direban da ke gaba, Walter Röhrl.

Yana kan ganiyarsa ke nan, a ralin Ajantina na 1985, motarsa ta yi tsalle cikin matsanancin gudu ta wuntsila. Kujerarsa ta ɓalle, ya yi ta buguwa a cikin motar. Ya karye a haƙarƙari da ƙafa, ƙashin bayansa ya taɓu, huhunsa ya samu rauni, sai da aka ƙara masa jini mai yawa. A nan ne na gyara zama, domin abin da ya biyo baya shi ne nawa. Jikinsa ya soma warkewa, sai ciwon damuwa ya kwantar da shi. Ya sa wa ransa cewa ya ɗauki ƙanjamau ta jinin da aka ƙara masa, alhali babu ita, ya janye daga mutane yana jiran mutuwa. Zakaran duniya guda, wanda tsoro bai taɓa sa shi ɗaga ƙafa daga totur ba. Ranar ce na fara yarda cewa abin da ke damuna ciwo ne, ba ragwanci ko raunin imani ba, kuma yana da magani. Har na je na ga likita a kansa, ina kuma roƙon duk direban da ke cikin irin halin ya je.

A watan Janairun 1987 ya dawo, kuma a hamadarmu ya dawo. An hana motoci masu matsanancin gudu na rukunin B a gasar duniya bayan mutuwar direba Henri Toivonen a 1986, sai Peugeot ta karkata ga ralin Dakar. Tun a gwajin farko kusa da Paris ya lalata ƙafar motarsa ya faɗo can ƙarshen jeri, amma shi ya ci gasar. A 1988 yana kan gaba aka sace motarsa a Bamako. An same ta, sai dai lokacin tashi ya wuce, aka fitar da shi. A 1989 shugaban ƙungiyarsu Jean Todt ya jefa tsabar faran 10 sama a Gao, ƙasar Mali, don raba gardamar wanda zai ci gasar tsakanin Vatanen da abokin aikinsa Jacky Ickx, ta faɗo wa Vatanen. Ya sake ci a 1990, sannan a 1991 da Citroën, sau 4 ke nan. Daga baya ya yi shekara 10 a majalisar Tarayyar Turai, daga 1999 zuwa 2009.

Kawu bai ɓoye mini ɗaya gefen ba. Ya ce ralin ya kawo ciniki Agadas, amma motocinsa sun kashe mutane a ƙauyukan da suka ratsa, har da yara, kuma su ba a cika tuna su ba. Mu da hanya ce gonarmu bai kamata mu manta da su ba.

Bayan labarin, Kawu bai bar ni haka ba. Bayan sallar asuba sai ya zo da tsohuwar motarsa, mu fita fili bayan gari inda ba kowa. Da farko kunnawa kawai nake yi in kashe. Sannan giya ɗaya, shi yana gefe da carbinsa, bai taɓa cewa in ƙara wuta ba. Ran da na taka birki na kifa kai a sitiyari ina kuka, shiru ya yi har na gama, sannan ya ce mu koma gida, gobe ma rana ce. Kawu, ba ni da abin da zan biya ka. Allah ya ƙara girma, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ina gode wa maigidana da ya ajiye mini gurbina bai ba wani ba, da fasinjojin da suka san abin da ya same ni suka kuma shiga motata.

Yaron motata har yanzu yana zuwa gashin baya, bai koma aiki ba. Ina roƙon ku sa shi a addu'a, wanda kuma Allah ya hore wa ya leƙa gidansu. Waɗanda suka ranta mini kuɗi lokacin jinya, duk na rubuta, zan bi ku gida-gida in sha Allahu.

Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya bar zumunci. Na gode.