RAM huɗu masu tambari ɗaya, amma kwamfuta ta ƙi zama lafiya

Akwai maganar da nake yawan ji a bakin masu sayar da kayan kwamfuta game da RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita: "RAM ai RAM ne, in dai ya shiga rami shi ke nan." Wannan magana ta sa mutane da yawa asarar kuɗi, ta kuma sa an jefar da madabod, wato babban allon da ake jona sauran kayan kwamfuta a kai, masu lafiya ƙalau. Shiga rami yana nuna abu ɗaya ne kawai, cewa RAM nau'in DDR4 ka sa a gurbin DDR4. Ko zai yi aiki da na kusa da shi, wannan wani zance ne daban.

Ɗan yayata yana haɗa bidiyon biki a nan Kano. Firosesar injinsa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Ryzen 5 3600 ce a kan madabod B450, da RAM biyu masu 8GB kowanne, an rubuta gudunsu, 3200, a jikinsu. Da aiki ya yi masa yawa sai ya ƙaro wasu biyu na hannu, kamfani ɗaya, launi ɗaya, 3200 ɗin nan dai. Daga ranar kwamfutar ta canza hali. Yana tsaka da fitar da bidiyo sai sikirin ya koma shuɗi da rubutun MEMORY_MANAGEMENT, wani lokacin kuma ta mutu ta tashi da kanta ba ko sallama. Ya sake zuba Windows, ya canza sitabilaiza, har wani ya ce masa bod ɗin ne ya ƙone. Da ya kawo mini ita cewa ya yi, "Kawu, duba min ko in sayi wani bod ɗin kawai in huta."

Na fara da abin da ba ya cin ko kwabo. Na zare RAM ɗin duka, na hure ƙurar hunturu da ta taru a ramukan, na goge haƙoran zinaren da kilina ta fensir. Na cire ƙaramin batirin nan CR2032 na ɗan lokaci don BIOS, wato manhajar da ke riƙe saitin madabod, ya manta duk saitin da aka yi masa. Sannan na ɗora MemTest86, manhajar gwada RAM, a filashi na gwada su ɗai-ɗai. Duka huɗun sun wuce lafiya, ba kuskure ko ɗaya. Tsofaffin biyu tare, lafiya. Sababbin biyu tare, lafiya. Da na haɗa huɗun na kunna XMP, saitin da ke ɗaga RAM zuwa gudun da aka rubuta a jikinsa, kafin a je ko'ina jan layi, alamar kuskure, ya fara cika sikirin.

A nan ne ya kamata mutum ya tsaya ya fahimci abin da ke faruwa, domin babu abin da ya lalace a cikin injin nan. Sashen da ke sarrafa RAM ba a madabod yake ba, a cikin firosesa yake. AMD, mai ƙera Ryzen, ta mayar da shi can tun zamanin Athlon 64 a 2003, Intel ta biyo baya a 2008. Kuma wannan sashe yana da iyakar nauyin da zai iya ɗauka. Ga wannan jerin na Ryzen 3000, AMD ta ce 3200 idan RAM biyu ne. Idan huɗu ne masu sahu ɗaya, wato rukuni ɗaya na ƙwayoyi a jikin kowanne, 2933. Idan huɗu ne masu sahu biyu, 2667. Kamar jaki ne, gudun da zai yi da buhu biyu ba shi zai yi da huɗu ba.

Shi kansa 3200 ɗin da ke jikin kwali, a yawancin RAM na masu wasa da masu bidiyo, ba da shi yake tashi ba. Yakan tashi a 2133 ko 2400 da wuta 1.2V. Sai ka kunna XMP, wanda bod ɗin ASUS na AMD ke kira DOCP, sannan ya haura 3200 da 1.35V. Madabod kuwa saiti guda yake ɗauka ya shimfiɗa wa kowa. Da na buɗe manhajar CPU-Z na leƙa shafin SPD, inda ake ganin bayanan kowane RAM, sai ga bambancin a fili: tsofaffin biyu ƙwayoyin Samsung ne masu sahu ɗaya, sababbin kuma na SK Hynix masu sahu biyu. Yawancin kamfanonin da ke manna tambarinsu a jikin RAM ba su ke ƙera ƙwayoyin ba, sayowa suke yi galibi daga Samsung, SK Hynix ko Micron, kuma suna iya canza mai ba su kaya ba tare da sun canza sunan da ke kwali ba. Dalilin da ya sa ake sayar da RAM biyu-biyu ko huɗu-huɗu a kwali ɗaya ke nan, don an gwada su tare.

Na sabunta BIOS, kwamfutar tana jone da inbata, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar wannan aiki na iya kashe bod da gaske. Na sa tsofaffin a A2 da B2, wato rami na biyu da na huɗu daga firosesa, sababbin a A1 da B1. Na bar XMP a kunne amma na sauke gudun da hannu zuwa 2933. Da farko kamar ya zauna, amma da injin ya ɗauki zafi kuskure ya dawo. A 2666, wato 2667 ɗin nan da AMD ta faɗa, na bar gwajin ya kwana yana yi, gari ya waye ba jan layi.

Na san akwai masu cewa a ƙara wa RAM wuta, a taɓa ta SoC, wato wutar sashen firosesa da ke sarrafa RAM, a matsa har sai 3200 ya zauna. Yana yiwuwa, wani lokacin ma ya yi. Amma ni ba na yi wa injin da mutum ke cin abinci da shi haka, balle a zafin watan Afrilu, a shagon da fanka ɗaya ce. RAM marar natsuwa ba mutuwar kwamfuta kaɗai yake jawowa ba, yana iya ɓata fayil a ɓoye, kuma bidiyon ɗaurin aure ba a sake ɗaukarsa. A aikin haɗa bidiyo, samun 32GB ya fi masa amfani nesa ba kusa ba a kan tazarar da ke tsakanin 2666 da 3200.

Da a ce rami ɗaya ne ke ƙin ganin kowane RAM da aka sa masa, da firosesa zan ciro in duba ko wata ƙafa ta lanƙwashe, ko an ɗaure fankarta ta yi tsauri. Ba mu kai nan ba.

Na ce masa in kuɗi sun samu ya sayar da huɗun ya sayi 16GB biyu a kwali ɗaya. Kafin ya biya, ya shiga shafin kamfanin madabod ɗinsa ya nemi jerin QVL, wato jerin RAM da kamfanin ya gwada a kan bod ɗin, ya kwatanta cikakkiyar lambar kayan harafi da harafi, ya kuma duba ko da guda nawa suka gwada ta. Sannan ya yi sharaɗi da mai shago cewa zai kai gida ya kwana yana gwaji, in jan layi ya fito zai dawo da shi.