Naitirayidin: lissafin takarda daban, cikin tanderu daban

Naitirayidin hanya ce ta taurara fatar ƙarfe da naitirojin. A takarda abin ba wuya wallahi. Ka sa ƙarfe a tanderu, zafi ya kai wajen digiri 500 zuwa 530, ka saki iskar amoniya, ita kuma ta tarwatse a jikin ƙarfen, naitirojin ya ratsa ciki ya haɗu da kuromiyam ko alminiyam ko molibdinam, fatar ƙarfen ta yi tauri ba sai an tsoma shi a mai ko ruwa ba. Har ma ga zanen wani masani mai suna Lehrer na 1930 da ke nuna maka wane irin rufi zai fito a fatar ƙarfen.

To amma fa shi wannan zanen da tsantsar ƙarfe aka yi shi, ba irin wanda ake yin giyar inji ko sandarsa da shi mai kabon da sauran gauraye ba, shi ya sa sai ka bi lissafi tsaf amma farin rufin da ke samuwa a saman ƙarfen ya fito da kauri, ga gautsi, yana ɓarewa.

Abin da ya fi ban haushi ni kam shi ne datti. Ɗan maiƙo ko shatin yatsa kawai, wurin ya ƙi shan naitirojin, ka samu tabo mai laushi bayan awa 40 ana jira. Sannan bangon tanderun kansa idan ya tsufa yana tarwatsa amoniyar tun kafin ta isa ga kayan.

Lokaci ma haka, in kana son zurfin taurin ya ninka biyu sai ka ninka awoyin kusan sau 4.