Abin da na koya game da kare na'urorin soja daga illar nukiliya

A karatun da na yi na injiniyan sadarwa, darasin da ya fi zauna mini a rai shi ne na yadda ake shirya na'urorin soja domin su ci gaba da aiki bayan tashin makamin nukiliya. Da an ambaci wannan makami, hankalin mutane yakan tafi ga wuta da rugujewar gine-gine, alhali akwai wata illa da injiniya ya fi tsoro, wato bugun lantarki da maganaɗisu da ke saukowa idan bam ya tashi a can sama.

Ranar 9 ga Yulin 1962 Amurka ta tayar da bam mai ƙarfin megatan 1.4, wato kwatankwacin tan miliyan 1.4 na nakiya, a tsawon kilomita 400 bisa tsibirin Johnston da ke tekun Fasifik, a gwajin da ta kira Starfish Prime. A birnin Honolulu na Hawaii, mai nisan fiye da kilomita 1,400, fitilun kan titi kimanin 300 suka mutu saboda bugun, sannan tururin nukiliyar da ya maƙale a sararin samaniya ya nakasa taurarin ɗan'adam da dama, har da tauraron sadarwa Telstar 1.

Malaminmu bai tsaya ga tarihi ba. Ya kunna ƙaramar rediyo ya rufe ta cikin akwatin ƙarfe, nan take ta yi tsit. Da ya zura siririyar waya guda ta wata 'yar huda, sai ga murya ta dawo rangaɗau. Haka ɗakin sadarwar soja yake, domin komai kaurin bangonsa na ƙarfe, wayar lantarki da ta eriya da bututun iska da bakin ƙofa duk kafofi ne, kuma dole kowannensu ya samu tasa kariyar.

Da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1963 ta haramta gwajin makaman nukiliya a sararin sama, sai aka koma ga kwaikwayon bugun. A sansanin Kirtland na jihar New Mexico an gina wani makeken dandamali na katako, saboda ƙarfe zai gurɓata awon, inda aka riƙa hawa da jirgin yaƙi kamar B-52 kansa a yi masa bugun a ga abin da zai ƙone.

A ganina, wahalar ba ta wajen ƙira take ba, ta wajen kulawa ce. Lallausan ƙarfen da ke liƙe bakin ƙofa yana yin tsatsa, wani ma'aikaci kuma yakan huda bango ya shigar da sabuwar waya ba tare da ya sanar da kowa ba, kuma na'urar za ta ci gaba da aiki lafiya lau a ranakun zaman lafiya, don haka ba mai lura. Shi ya sa ake maimaita awon kariyar ɗakin lokaci zuwa lokaci, da kuma bayan gyara.