Inda na kwana da notin masu hawan dutse

Jama'a 'yan uwa masu koyo, satin nan aikin noti na sa a gaba. Na samo manyan notina wajen 'yan gwangwan, irin masu kusurwa shida ɗin nan, ina son in gwada yadda masu hawan dutse na Birtaniya suka yi kafin kayan kamfani su fito.

Asali su tsakuwa ma suke cusawa a tsagar dutse su zagaya mata igiya, tun wajen 1920 da 'yan kai. Daga baya masu zuwa dutsen Clogwyn Du'r Arddu a Wales suka riƙa tsintar noti a gefen layin dogon da ke hawa dutsen Snowdon, su zura igiya a ciki, shikenan an samu abin maƙalawa a tsaga da zai riƙe mai hawa in ya faɗo. Sai 1961 John Brailsford ya ƙera wanda aka yi musamman don hawa, mai suna Acorn.

To wahalar tana cikin ramin notin. Haƙoran nan da ke kama ƙusa su ne ke cin igiya, dole ka cinye su tas da magagari ko ka kai wa mai injin huda, sannan ka goge bakin ramin har sai ka zagaya da yatsa ba ka ji kaifi ba, wallahi hannu na sagewa amma wajen nan ba a ha'inci. Na gwada nawa a tsagar wani dutse dab da ƙasa, in tsagar ta tsuke ta ƙasa sai ka ga ya zauna daram, in kuma miƙaƙƙiya ce ko ka fizga yaya sai ya zame. A nan na gane dalilin da ya sa Chouinard da Tom Frost, masu ƙera kayan hawa a Amurka, suka karkata gefen notinsu mai suna Hexentric, ko ta ina ka juya shi faɗinsa daban.

Ni dai na fi ganin hikimar wannan kan fiton, wato ƙusar ƙarfen da ake bugawa cikin tsaga da guduma, wanda ya yi ta farfasa tsagogin duwatsun Yosemite a Amurka har kamfanin Chouinard ya fito a 1972 yana kiran a rage shi.

Don Allah kar wani ya rataya ransa a kan notin gwangwan, na gwaji ne kawai a ƙasa. Sati mai zuwa zan shiga ƙullin igiya irin na yankin Saxony a Jamus, can dutsen yashi ne mai taushi, an hana cusa ƙarfe a tsaga, ƙulli kawai suke dannawa.