Na dawo daga taron Yamai

Alhamdu lillahi, na iso Damagaram lafiya daga taron masu tsara shafukan intanet. Hanyar nan ta kusan kilomita 900, ta Dosso da Ƙwanni da Maraɗi, ta gajiyar da ni, amma kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Maganar nauyin shafi ce ta fi tsaya mini a rai. Da yawanmu kan babbar kwamfuta muke aiki, mu jibga manyan hotuna, alhali mai buɗe shafin yana Mirriya ko Tanut da ƙaramar waya, ga tsadar data, ga rezo yana ɗaukewa. Shafin da nake yi wa wani baduku a Zango, hotunan jakunkuna da takalma duk na mai da su WebP, wato wani tsarin ajiye hoto mai rage nauyi, don su yi sauƙi, na kuma sa maɓallin WhatsApp a sama, tunda masu sayen kayansa sun fi son aika murya.

Ƴan uwa, don Allah ku riƙa gwada ɓ, ɗ, ƙ, ƴ kafin ku zaɓi salon haruffa. Wasu ba su da su, sai ka ga ɗan akwati a tsakiyar kalma. Wallahi abin yana damuna.

Ɗaliban Jami'ar André Salifou masu son koyo, ku neme ni ranar Asabar.