Tarihin rayuwata, kashi na 9: Shekarun Tsito

Wancan makon na tsaya ne a rasuwar Baba, amma yau dole na ɗan koma baya, don ba zan iya tsallake maganar Tsito ba, kusan rabin hirarmu ni da Baba a shekarunsa na ƙarshe a kan ɗan karen nan ce.

Wata dattijuwa maƙwabciyata ce ta bar min shi da ciwon ƙafa ya hana ta fita da shi. Irin ƙananan karnukan teriya ɗin nan ne na Ingila, English Toy Terrier, baƙi wuluk mai ɗigon ja a saman idanu da ƙirji da ƙafafu, kunnuwa a tsaye cak. Nauyinsa bai kai kilo 4 ba, tsayinsa bai wuce santimita 30 ba. Ranar da na shigo da shi Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Kin karɓa ko 'yar nan? To wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski."

Askin kuwa na yi shi. Haƙora 42 ne a ɗan bakin nan, a cunkushe, in ba a goge ba datti ya taru dasashi ya kumbura, kullum da dare sai na ɗora shi a cinya da ɗan buroshi yana kawar da kai ina lallashi. Gashinsa gajere ne sosai, sanyi kaɗan sai ka ga yana karkarwa, har riga na ɗinka masa. Likitan dabbobi ya hana ni ɗaura masa igiya a wuya saboda maƙogwaron irinsu ba ƙwari, sai ta ƙirji. Ga allurar rigakafin haukan kare, ga maganin tsutsa, ga yankan farce, ga sa ido kar ya lashi cakulan ko albasa ko inabi don guba ne a wurinsu.

Yaya dai ba ta taɓa kiran sunansa ba, "ɓeranki" take cewa. Ita ba ta san kakanninsa ne ake jefawa ramin ɓeraye a Ingila a ƙarni na 19 ba, ana caca a kan nawa za su kashe kafin lokaci ya cika. Yanzu ma sun yi ƙaranci har Kennel Club, ƙungiyar da ke yi wa karnuka rajista a Birtaniya, ta sa su cikin irin da ake tsoron ƙarewarsu, waɗanda ba a yi wa 'ya'yansu 300 rajista a shekara. Na gaya mata, ta taɓe baki.

Abin da har yau yake ci min rai, ranar da ta zo da autanta, na ce Yaya don Allah ki hana shi ɗaukarsa a tsaye, ƙashin ƙafarsu siriri ne, ta ce ke dai kin cika fi'ili. Ban gama juya baya ba na ji ƙara. Yaron ya sake shi daga ƙirji, ƙafar gaba ta karye, ina ganin yadda take lilo. Ni ban ga laifin yaro ba, yaro ne. Amma da na dawo daga asibiti an yi aiki an sa masa ƙarfe, idona a kumbure, abin da Yaya ta ce kawai shi ne, "Duk wannan a kan kare?" Ko sannu. Wallahi ko a zaman makokin Baba da muka kwana ɗaki ɗaya ina ta jiran ta ɗauko maganar, ba ta ɗauko ba.

Makonnin jinyar nan Baba ne ke zama kusa da kejin in na tafi aiki, yana hana shi tsalle, yana saƙa masa yatsa ta tsakanin waya. In na dawo a gajiye sai ya ce, "Ya aski?" Ya san ladan ban ci da wasa ba.

Ƙafar ta warke, sai dai in gari ya yi sanyi yana ɗan ɗingishi. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan faɗi yadda aka yi da shi lokacin da maganar aurena ta taso, don a nan ma Yaya ta sa baki.